Gadoji Uku a Bakin Kogin Forth

Assalamu alaikum, malamaina, ɗalibai da sauran jama'ar da suka halarci wannan zama. Garin da za mu leƙa a yau ƙarami ne, sunansa South Queensferry, yana yamma da birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan, a daidai inda Kogin Forth ya tsuke kafin ya buɗe ya nufi teku. Ma'anar sunan ita ce mafitar sarauniya, domin Sarauniya Margaret, wadda ta rasu a 1093, ita ta sa a riƙa ƙetarar da masu ziyarar ibada da ke kan hanyarsu ta zuwa St Andrews, kuma fito bai yanke a wurin ba sai a 1964.

Wanda ya hau jirgin ƙasa a tashar Waverley zai sauka a Dalmeny cikin kimanin minti 20, sannan ya gangara ta cikin itatuwa zuwa bakin ruwa. Shawarata ita ce kada ya yi gaggawar ɗaukar hoto. Ya tsaya a gindin ginshiƙan dutse na gadar jirgin ƙasa ta Forth da ke kusa da matsayar jiragen ruwa ta Hawes, ya ɗaga kai, ya jira jirgi ya bi ta samansa. Ba zai daɗe yana jira ba, don wajen jirage 200 ke ratsa gadar a kowace rana, kuma rugugin yana saukowa ne har cikin ƙirjin mutum.

Duk wanda ya ga wannan jar gada sai ya tambayi dalilin da ya sa aka yi ta da irin wannan kauri, kuma amsar tana wani kogi dabam. A daren 28 ga Disamba 1879 guguwa ta karya gadar Kogin Tay, jirgi ya faɗa ruwa da fasinjojinsa, ba wanda ya tsira. Injiniyan da ya zana ta, Thomas Bouch, shi ne kuma aka riga aka ba aikin gadar Forth, saboda haka aka yi watsi da zanensa, aka miƙa aikin ga John Fowler da Benjamin Baker. A ganina nauyin da ya hau kansu biyu ne: su gina gadar da iska ba za ta girgiza ba, su kuma gina wadda mai tsoro zai kalla hankalinsa ya kwanta. Shi ya sa suka zuba ƙarfe fiye da tan 50,000 a cikin manyan hasumiyoyi uku, kowace ta miƙa hannuwa dama da hagu, tsayinta ya kai mita 110, tazarar da ke tsakani kuwa mita 521.

Baker ya bayyana dabarar da jikin mutane. Ya zaunar da maza biyu a kan kujeru, kowane ya buɗe hannuwa yana riƙe da sanduna da suka tokare kujerarsa, aka ɗaura tubala a gefe da gefe, sannan wani injiniya ɗan Japan, Kaichi Watanabe, ya zauna a kan katako a tsakiyarsu. Hannuwa na ja, sanduna na tokarewa, mutumin tsakiya bai faɗi ba. An buɗe gadar a 4 ga Maris 1890, UNESCO kuma ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2015.

Sauran gadojin biyu na motoci ne, ta 1964 wadda ta kawo ƙarshen fito, da Queensferry Crossing ta 2017 mai tsawon kilomita 2.7, kuma daga titin garin mai shimfiɗar duwatsu ana hango ukun a jere.

Kafin baƙo ya koma tasha, ina roƙonsa ya tsaya a dutsen tunawa da aka kafa a bakin ruwa a 2012. An daɗe ana cewa mutum 57 suka mutu a aikin gina gadar jirgin ƙasan, sai masu binciken tarihi na garin suka bi takardu ɗaya bayan ɗaya har adadin ya kai 73, cikinsu har da yara samari masu miƙa kusoshi masu zafi. Sunayensu na nan a rubuce, ana karanta su gadar tana bisa kan mai karatu. Na gode da sauraro, sai mu shiga tambayoyi.