Jawabi a Taron Ƙungiya: Bizar Jin Ƙai da Matan da Suka Gudo Neman Mafaka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaban ƙungiya, Malam Liman, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, barkanmu da sake haɗuwa. Ina godiya ga kwamiti da ya ba ni wannan fili, domin maganar da ke tafe da ni ba irin wadda muka saba yi a taron wata ba ce. Magana ce a kan matan da suka gudo daga yaƙi, ko daga auren dole, ko daga hannun masu fataucin mutane. Zan faɗi abin da doka ta tanadar musu a nan Italiya, zan kuma faɗi abin da mu da kanmu muke hana su. Idan na taɓa wani wuri mai ciwo, iyayena, ku gafarce ni.

Tun da na fara aikin tafinta, tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Hajiya, ƙanwata tana Agadez, ko tana sansani a Chadi, babu wata biza da za a nema mata ta zo ta jirgi?" Amsar ba ta da daɗi. A dokar Turai, mutum ba ya neman mafaka sai ƙafarsa ta taka ƙasar ko bakin iyakarta. Kamar mai gida ne ya ce zai ba ka masauki, amma sai ka haura katanga ka shigo tukuna. Majalisar Dokokin Tarayyar Turai da kanta ta faɗa a Disamba 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka ba mafaka a Turai ta ɓarauniyar hanya suka shigo, ta kuma nemi a ƙirƙiro bizar jin ƙai ta bai ɗaya. Har yau ba a yi ba.

An gwada ta kotu. A 2016 wasu iyali 'yan Siriya daga birnin Halab suka je ofishin jakadancin Beljiyam a Bairut suka nemi biza don su shiga su nemi mafaka, aka hana su. Shari'ar ta kai Kotun Tarayyar Turai, ita kuma a ranar 7 ga Maris 2017 ta yanke cewa dokar Tarayya ba ta tilasta wa kowace ƙasa ba da irin wannan biza ba, kowace ta yi yadda ta ga dama. Saboda haka duk wanda ya turo muku saƙo a WhatsApp ko Facebook cewa yana da hanyar bizar jin ƙai, ku aiko da kuɗi, ɗan damfara ne. UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta karɓar ko sisi a kan rajista ko tsugunar da ɗan gudun hijira.

Amma ƙofar ba a rufe take ruf ba, kuma a nan Italiya an nuna hakan. A Disamba 2015 ƙungiyar Sant'Egidio da cocin Waldesiya da tarayyar cocin Furotesta suka sa hannu da gwamnati a kan abin da ake kira hanyoyin jin ƙai. Su ne ke zuwa sansani su zaɓo mafi rauni, gwamnati ta bincika ta buga biza, mutum ya hau jirgi ya sauka a Roma kamar kowa. Masauki da abinci da koyon harshe duk ƙungiyoyin ne ke ɗauka da kuɗinsu. Rukunin farko ya sauka a Fabrairu 2016 daga Lebanon, daga baya aka buɗe wa Habasha da Jodan da Nijar, Faransa da Beljiyam ma suka bi sahu. Mata masu 'ya'ya su kaɗai da waɗanda aka ci zarafinsu suna cikin waɗanda ake fara dubawa. A Jamus kuwa, jihar Baden-Wurtembag ta ɗauko mata da yara 'yan Yazidi kimanin 1,100 daga Iraƙi a 2015 zuwa 2016, waɗanda mayaƙan Da'ish suka bautar. Nadia Murad, wadda ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2018, cikinsu ta zo. Jiha ɗaya ce fa ta yi wannan, ba ƙasa ba.

Dubban da suka zo ta waɗannan hanyoyi ba su kai komai ba idan aka gwada da miliyoyin da ke jira. Sauran kuma sai sahara da Libiya da kwale-kwale. Maza a wannan hanya suna biya da kuɗi da duka da aikin bauta. Mace tana biyan duk wannan, sannan a ƙara mata da jikinta: a shingen bincike, a gidan ajiya, a kurkuku. Akwai matan da ke yin allurar hana ɗaukar ciki kafin su tashi, domin sun riga sun san abin da ke jiransu. IOM, hukumar ƙaura ta duniya, ta ƙirga matan Najeriya 1,454 da suka sauka Italiya ta teku a 2014. A 2016 sun kai 11,009, kuma hukumar ta kiyasta kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna cikin haɗarin faɗawa hannun masu sa mata karuwanci.

Na san wani zai ce a ransa, ai waɗannan 'yan kudu ne, ba namu ba ne. Ɗan'uwana, da Hausa ake ciniki a tashoshin Agadez. Tun Nuwamba 2017 a Nijar aka riƙa sauke waɗanda UNHCR ta kwaso daga gidajen tsare mutane na Libiya. 'Yan'uwanmu mata na Zamfara da Sakkwato da Katsina sun tsallaka Maraɗi saboda 'yan bindiga, na Borno suna Diffa da sansanin Minawao a Kamaru. Yaƙin Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar ana amfani da fyaɗe a cikinsa kamar makami, bai tsallake Hausawan can ba. Ko da ma babu Bahaushiya ko ɗaya a cikinsu, 'ya'yan wasu ne, kuma a unguwanninmu suke sauka.

To idan ta iso, me doka ta ce? Yarjejeniyar Geneba ta 1951 ta ambaci dalilai biyar na ba da mafaka: launin fata ko ƙabila, addini, asalin ƙasa, ra'ayin siyasa, da kasancewa cikin wani rukuni na jama'a. Ba ta ambaci mace ba. Shekara da shekaru matar da ta gudo daga kaciya ko auren dole takan ji an ce mata wannan rikicin gida ne. Yarjejeniyar Istambul ta 2011, wadda Italiya ta amince da ita a 2013, ta ce a sashe na 60 cin zarafin mace saboda ita mace ce yana iya zama zaluncin da ake ba da mafaka a kansa. Sai ranar 16 ga Janairu 2024, a shari'ar wata Bakurdiya 'yar Turkiyya da aka yi wa auren dole, mijin ya riƙa dukanta har ta gudu Bulgeriya, Kotun Tarayyar Turai ta ce ana iya ɗaukar mata a matsayin rukunin da yarjejeniyar 1951 ke nufi, idan ƙasarsu ta kasa kare su. A Oktoban shekarar ta ƙara da cewa matar Afganistan, kasancewarta mace 'yar ƙasar kaɗai yana iya wadatarwa.

Duk wannan ba ya aiki sai mace ta buɗe baki ta faɗa, kuma a nan ne namu laifin yake shigowa. Ku kwatanta yarinyar da aka tarbiyyantar ba ta ko faɗin sunan ɗan farinta saboda kunya, yau an zaunar da ita gaban jami'in hukumar tantance masu neman mafaka, an ce ta bayyana dalla-dalla abin da aka yi mata a garin Sabha na Libiya. Tafintan kuma namiji ne, sa'an mahaifinta, wanda za ta haɗu da shi a masallaci ranar Juma'a. Me za ta ce? Za ta ce "na sha wahala" ta sunkuyar da kai. Jami'in ya rubuta cewa labarinta ba shi da ƙarfi, a hana ta takarda. Tana da haƙƙin ta nemi mace ta yi mata tambayoyi, mace ta yi mata tafinta, a kuma saurare ta ita kaɗai ba gaban miji ba. Yawancinsu ba wanda ya taɓa gaya musu. Ko ta nema ma, tafintocin Hausa mata ba mu da yawa a ƙasar nan. Ga 'ya'yanmu mata da suka tashi a nan, suna jin Italiyanci kamar 'yan gari, Hausarsu ma ba laifi. Ina roƙon iyayensu su bar su su yi kwas ɗin tafinta, ƙungiya ta taimaka da kuɗin rajista. Wanda kuma ya yi tafinta ya fito ya baza sirrin da ya ji a majalisa, ya ci amana, kada mu sake tura masa kowa.

Sannan akwai wadda ba ta teku ta zo ba, miji ne ya kawo ta da takardar iyali. Mun san kalaman: "Ni na kawo ki, takardarki a hannuna take, kika yi magana na mayar da ke." Alhaji, wannan ba gaskiya ba ne. Tun 2013 dokar shige da fice ta Italiya, a sashe na 18-bis, ta ba Kwastura, wato hedikwatar 'yan sandan lardi, ikon ba matar da ake cin zarafinta a gida takardar zama tata ta kanta, ta shekara guda, wadda take aiki da ita. Sashe na 18, wanda yake nan tun 1998, yana ba wadda ta kuɓuta daga masu fataucin mutane takarda da mafaka. Lambar 1522 kyauta ce, dare da rana, don matan da ake cin zarafi. Ta waɗanda suka faɗa hannun masu fataucin mutane ita ce 800 290 290. Ina so a rubuta su a manna a ɓangaren mata na masallaci, inda mace za ta gani ba sai ta tambayi kowa ba.

Iyayena, ban zo rushe sulhu ba. Sulhu alheri ne, kuma dattawan ƙungiyar nan sun gyara aure da yawa, Allah ya saka musu. Amma saɓani daban, duka daban. Matar da ta zo da kumburarriyar fuska, mukan ce mata ta yi haƙuri, ta rufa wa kanta asiri, kada ta kai mu gaban Turawa. Asirin wa muke rufawa? Ita ce ke komawa ɗakin, mu mu tafi gidajenmu. A gida tana da inda za ta yi yaji, akwai uba, akwai kawu, akwai mai unguwa. A nan ba ta da kowa sai mu.

Malam Liman ya fi ni sani, ya gyara mini idan na kuskure. Bayan sulhun Hudaibiyya, wanda aka yi sharaɗin mayar da duk wanda ya gudo daga Makka, Ummu Kulsum 'yar Uƙba ta gudo Madina. 'Yan'uwanta maza biyu suka biyo ta suna neman a ba su ita. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai mayar da ita ba, kuma a kan matan da suka yi hijira irin tata aya ta 10 ta Suratul Mumtahana ta sauka. Ina roƙon Malam ya ware huɗuba guda a kan wannan, domin maza za su fi jin ta daga bakinsa fiye da nawa.

Abin da nake nema kwamiti ya duba yau shi ne a zaɓi mata uku masu riƙon amana waɗanda kowace mace za ta iya kira, su san cibiyar kare mata ta garin nan da lauyan da ke aikin shige da fice. A cire wani abu daga asusunmu, yadda muke cirewa don kai gawa gida, domin kuɗin kwana biyu ko uku na matar da ta fito da 'ya'yanta cikin dare. Shugaba kuma ya rubuta wa masu tafiyar da hanyoyin jin ƙai ya ce musu akwai Hausawa a nan da za su taya karɓar iyali guda, da tafinta da abinci da rakiya asibiti. Yawan ƙungiyoyin da ke yarda su karɓa yana cikin abin da ke ƙayyade yawan waɗanda za a ɗauko.

Na miƙa waɗannan ga shugaba a rubuce. Wadda take son magana da ni ita kaɗai, ina nan ɓangaren mata har bayan Magariba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.