Ciwon Adison a jikin kare, ciwon da ke ɓad-da-kama

Jama'a barkanmu da war haka. Na san wani yana ganin kan bidiyon nan zai ce "kare kuma?" To ka je ka tambayi maigadin kamfani a Sharaɗa ko Bompai, ko mafaraucin da karensa ne jarinsa, su sun san abin da muke magana a kai.

Ga yadda abin yake farawa. Kare lafiyayye, yau kawai ya ƙi cin abinci, ya kwanta a gindin mota yana karkarwa, ga amai ga zawo, sai a ce tsutsar ciki ce ko kuma ɓarayi ne suka jefo masa guba ta katanga. A kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa ƙarin ruwa, washegari ya miƙe garau kamar ba shi ba, bayan sati uku kuma abin ya dawo. Wannan tafi-ka-dawo ɗin shi ne abin lura.

A kusa da kowace ƙoda akwai wata 'yar mitsitsiyar tsoka, sunanta adirinal. Sinadarai biyu take fitarwa da suka shafi zancenmu. Kotizol shi ke riƙe jiki lokacin wahala, ya daidaita suga da hawan jini. Aldosteron kuma shi ke ce wa ƙoda riƙe gishiri da ruwa, zubar da wani sinadari mai suna fotasiyam a fitsari. In tsokar nan ta lalace, wato ciwon Adison ke nan, gishiri da ruwa su bi fitsari su tafi, fotasiyam ya taru a jini. Yawanci garkuwar jikin karen ce da kanta take cinye ta a hankali, kuma ba a ganin alama sai kusan kashi 90 cikin 100 ya riga ya tafi.

Wani likitan Ingila, Thomas Addison, shi ya fara bayanin ciwon a jikin mutane a 1855, sunansa aka sa masa. Shugaban Amurka John Kennedy ma da shi ya yi mulki, a ce dai ba na dabba kaɗai ba ne. A karnuka ya fi kama matasa zuwa masu matsakaicin shekaru, kamar shekara 4 haka, kuma karya ta fi namiji kamuwa. Cikin jinsin da aka fi gani akwai Poodle manya, Great Dane, da Rottweiler ɗin nan da ake yayi a gidajen Nasarawa.

Ranar da abin ya yi tsanani, galibi bayan wata wahala ce, doguwar tafiya a mota, canjin gida ko wani ciwo daban, sai karen ya zube. Dasashi ya yi fari, jiki ya yi sanyi. Kuma ga abin mamaki, dabbar da ruwa ya ƙare a jikinta ai zuciya gudu take yi, amma wannan in ka ɗora hannu a ƙirjinsa sai ka ji tana bugawa a hankali, fotasiyam ne ya danne ta. Nan ba maganar jiƙo ko "bari mu gani zuwa safe", a ɗauke shi a tafi.

Gwajin jini zai nuna sodiyam, wato gishirin nan, ya yi ƙasa fotasiyam ya yi sama, amma wannan kaɗai bai isa ba don akwai wata tsutsar hanji da ke kawo irin wannan sakamakon. Tabbacin shi ne gwajin ACTH, a ɗibi jini, a yi allurar sinadarin da ke zaburar da adirinal, bayan awa ɗaya a sake ɗiba. In kotizol bai motsa ba, shi ne.

Magani kuwa na har abada ne. Allurar Zycortal ko Percorten kusan duk kwana 25 zuwa wata guda, ko ƙwayar fuludurokotizon kullum, sai 'yar firednisolon kaɗan mai maye gurbin kotizol, galibi kullum, da ake ƙara yawanta ranar wahala. Kuɗi ne kam, amma karen zai yi rayuwarsa kamar kowane kare.

Kyanwa da wuya ta kamu. Doki kuwa, masu hawan Sallah ku matso, nasa yakan zo ne daga hannunmu. An daɗe ana ɗirka masa allurar dekza, mai aiki irin na kotizol, don kumburi ko ciwon ƙafa, adirinal ɗin ta ga ana kawo mata daga waje sai ta kwanta barci, rana ɗaya a yanke allurar, doki ya rame ya rasa kuzari. Kare ma haka ne in an saya masa firednisolon a kemis saboda ƙaiƙayi. In dabbarka ta yi makonni a kan irin maganin nan kar ka yanke da kanka, likita ne zai tsara maka yadda za ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har tsokar ta farka.