"Kai Ka Ce Mu Yi Shi": Jawabi a Taron Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malam Shugaba, dattawan ƙungiya, iyayenmu mata, 'yan'uwa da abokan arziki, barkanmu da war haka. Na san wasunku daga aikin dare suka wuto nan ko runtsawa ba su yi ba, wasu kuma tun asuba suka baro Landan. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Sakatare ya nemi in yi magana kan halin da ake ciki a gida. Na ce masa, in dai halin da ake ciki ne, babu wanda ke zauren nan da wayarsa ba ta riga ta gaya masa ba. Kowa ya san saƙon muryar nan da ke shigowa da tsakar dare, a fara da doguwar gaisuwa, a ƙare da "dama buhun masara ne ya ƙare". Saboda haka zan ba ku labarin wata magana ce guda da mahaifiyata ta faɗa mini, wadda har yau take hana ni barci.

Mu mutanen bakin kogin Haɗeja ne. Duk wanda ya san yankin, daga Ringim zuwa Miga, Auyo, Kafin Hausa har Guri, ya san ruwa ne ke juya rayuwarmu. Da rani mu noma shinkafa da alkama da injin ban ruwa, da damina mu kwana ido ɗaya a buɗe. In ruwan sama ya yi yawa, madatsun Tiga da Challawa suka tumbatsa, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, to sai ya nemi tasa hanyar ta cikin gonaki da ɗakunan kwana. Tsakanin ƙauyenmu da kwalta babu nisa, amma akwai wani kwari a tsakiya. Da zarar Agusta ta kama, kwarin nan ya zama kogi, mu kuma mu zama tsibiri.

Gab da zaɓen 2019 wani mai neman kujerar majalisa ya zo garinmu. Ba zan kama sunansa ba, don na tabbata kowannenku yana da irinsa a garinsu. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma a ƙofar gidan mai gari, aka dama fura ya sha da ludayi kamar ɗan gida. Ya yi alkawari uku: kwalbati a kwarin nan, jinga a bayan gari, da ungozoma da za ta riƙa kwana a ɗakin shan maganinmu. Ƙanena ya ɗauki bidiyon ya turo mini ta WhatsApp, na kalla a nan Ingila ina hutun rabin awa a wurin aiki, sai na ji mutumin ya kwanta mini. A daren na kira gida na ce kowa ya yi shi. Ni ke aiko kuɗin taki da na makarantar yara, in na yi magana a gidanmu ba a musu. Ƙuri'a 11 ce ta fita daga gidan nan, har da ta Inna, wadda aka kai rumfar zaɓe a bayan babur.

Ya ci. Aka zo aka zuba tifa biyu ta yashi a bakin kwarin, aka kafa allo, aka ɗauki hoto. Damina ɗaya ta wanke yashin. Allon ya fi shi daɗewa, har sai da tsatsa ta cinye rubutun.

A ambaliyar 2022, matar ƙanena ta fara naƙuda bayan isha'i. Ɗakin shan magani a kulle, awaki ne ke kwana a barandarsa. Tsofaffin mata suka yi iya yinsu har tsakar dare, abu ya faskara. Aka ɗora ta a amalanke, shanu suka je bakin kwarin suka toge, ruwa ya kai musu ƙirji. Sai da aka taso mai kwalekwale daga wani gari, aka haye da ita da fitilar waya, sannan aka shiga neman mota a bakin titi. Hantsi ya dubi ludayi kafin su isa babban asibiti. Uwar ta rayu, alhamdu lillahi. Ɗan bai zo da rai ba. Mun yi imani da ƙaddara, kwanansa ke nan. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma kwalbatin nan shi ne igiyar da muka damƙa wa mutum amana ya ɗaure mana.

Yanzu ga inda nake so ku saurare ni da kyau. Da 2023 ta zo, mutumin ya dawo neman tazarce. Kun tuna lokacin, an canja fasalin naira, takardar kuɗi ta yi wuyar gani, mutane na kwana a layin banki. Sai ya zo da kaya: katan-katan na taliya, sabulu, sinadarin ɗanɗano, turmin atamfa ɗaya a raba wa mata biyu. Ya yi ta'aziyya, ya ba da haƙuri, ya ce zangon farko na koyon aiki ne, ba a sakar musu kuɗi ba, amma wannan karon da kansa zai tsaya. Ni kuma, saboda ba na ƙaunar jam'iyyar abokin takararsa, na sake ɗaga waya na ce a ƙara masa dama. Ban tambaye shi ko sisi nawa aka ware wa mazaɓarmu a shekara huɗu ba. Ban ce ya nuna mini takarda ko guda ba.

Da na je gida da babbar sallar da ta wuce, da ƙafa na ratsa kwarin, yana nan yadda na bar shi ina yaro. Da daddare ina zaune a ɗakin Inna ina ta faɗa, ina cewa 'yan siyasa ba su da tsoron Allah. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "To ai kai ka ce mu yi shi. Har sau biyu." Ba da faɗa ta faɗe ta ba, tana jan carbinta. Wallahi na rasa bakin amsawa.

'Yan'uwa, dokar Najeriya ba ta ba mu damar kaɗa ƙuri'a daga ƙasar waje ba, sai mu riƙa ganin kamar hannunmu a wanke yake. Alhali kuɗin da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ke aikawa gida yakan kai kusan dala biliyan 20 a shekara, kuma mai aiko kuɗi muryarsa nauyi gare ta. Wani a cikinmu yana juya ƙuri'un gida guda, wani na unguwa guda. Ba mu dangwala ba, amma mun sa an dangwala. Ƙuri'a kuwa shaida ce, kana cewa na yarda wannan zai riƙe amana. Wanda ya sa aka ba da shaida yana da kaso a cikinta, kuma za a tambaye shi.

Na san a zauren nan akwai masu tsintsiya, akwai masu lema, akwai masu jar hula, kuma ban zo in raba kowa da gwaninsa ba. Da-na-sanin nan babu jam'iyyar da ta bari. Wanda ya yi "sak" a 2015 daga sama har ƙasa, ba tare da ya san sunan ɗan majalisar da ya zaɓa ba, ya ɗanɗana. Manomin da ya fita ya zaɓa a 2023, ya wayi gari ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haye naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, ya tsaya yana kallon injin ban ruwansa ba halin tayarwa, shi ma ya ɗanɗana. Waɗanda suka san Majiya a ƙaramar hukumar Taura sun tuna daren Oktoban 2024 da tankar mai ta faɗi, mutane suka fito ɗiba, wuta ta tashi, sama da rai 150 suka salwanta. Allah ya jiƙansu. Mai abin sawa a tukunya ba ya fita tsakar dare da bokiti yana kwasar fetur a kwata.

Kowa yana cewa ya yi nadama. Ku buɗe rediyon Kano ko na Dutse da daddare ku ji. Matsalar ita ce nadamarmu a baki take zaune, ba ta da rajista, su kuma sun san haka. Sun san shekara uku za mu yi muna tsinuwa, a ta huɗu yunwa ta yi musu kamfe. Ba na zargin matar da ta karɓi taliya, wadda yaranta suka kwana ba su ci ba. Ni da na ƙoshi, na yi karatu, nake da intanet a aljihu, me na karɓa da na yi shiru? An ce hali zanen dutse, mun ga zanen ƙuru-ƙuru muka ce wataƙila ruwa ya wanke shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya.

Kuma kada wani ya ce mana talakan ƙasarmu bai iya hukunta shugaba ba. A ƙasar Kano aka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, iyayenmu suka sha ɗauri da bulala a kan bin Malam Aminu Kano, ba don ya raba musu atamfa ba. A 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano, talakawa suka zaɓi jam'iyyar PRP, gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Mahaifina har ya rasu yana ba da labarin shekarar da aka daina tsere wa masu karɓar haraji a shiga dawa. An yi alkawari, an zaɓa, an cika. A 2003 Kanawa suka kayar da gwamna mai ci. A 2015 ƙasa gaba ɗaya ta kayar da shugaban ƙasa mai ci. Kayarwa mun iya ta. Abin da ba mu koya ba shi ne bibiya a tsakanin zaɓe da zaɓe, shi ya sa wanda muka ɗora yake gadon halin wanda muka sauke, wani lokacin ma wanda muka sauke ɗin ne ke sauya sheƙa ya dawo ta taga.

Wani matashi ya tambaye ni batun kiranye, wato masu zaɓe su sauke ɗan majalisarsu kafin wa'adinsa ya cika. Yana nan a kundin tsarin mulki, sashe na 69 ga 'yan majalisar tarayya, na 110 ga na jiha. Sai dai ana buƙatar sa hannun fiye da rabin duk masu rajista a mazaɓar, hukumar zaɓe INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A ƙasar da mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista a 2023 amma waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, ku auna wuyar wannan. An gwada a Kogi ta Yamma a 2018, tun a wurin tantance sa hannu maganar ta mutu. Kada mu ɓata ƙarfinmu a nan.

Akwai abin da ya fi wannan kusa da hannunmu. Kasafin kuɗin jiha ana wallafa shi, na tarayya ma haka, har da ayyukan mazaɓu da aka rubuta da sunan garuruwanmu. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu duk wata daga asusun tarayya ana buga shi, 27 na Jigawa da 44 na Kano duk suna ciki, kuma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa tambayar ɗan ƙasa. Mutumin ƙauyenmu ba shi da lokaci ko datar da zai tono waɗannan, kuma in ya ɗaga murya gobe ana iya hana shi taki ko a sa mai unguwa ya kira shi. Mu da ke nan babu mai hana mu taki.

Shawarata ga ƙungiya, Malam Shugaba, mu buɗe littafin alkawari. Kafin 2027 duk wanda ya shiga garuruwanmu neman ƙuri'a, daga kansila har sanata, a sami matashi mai amana ya ɗauki maganarsa da waya, a rubuta rana da wuri da abin da ya ce zai yi. Mu sa wa yaran nan data daga asusunmu, abin da bai kai kuɗin lemon taro ɗaya ba. Duk wata shida mu duba kasafi mu gwada da abin da ke ƙasa, mu rubuta wa mai kujerar takarda cikin ladabi, ba zagi ba ƙazafi, da sa hannun ƙungiya. In ya amsa mu karanta wa mutane amsarsa, in ya yi aiki mu yaba masa a bainar jama'a ko ɗan wace jam'iyya ne. In ya yi shiru, shirun ma mu mayar da shi saƙon murya da Hausa, a saurara a majalisar bakin masallaci da gidan suna.

Sai maganar da na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Rijiyar burtsatsen da muka haɗa kuɗi muka haƙa, alheri ce, Allah ya karɓa, kuma ba na cewa mu daina, don ƙishirwa ba ta jiran zaɓe. Amma duk ramin da muka cike a shiru, mun rufa wa wanda aka ba kuɗin cike shi asiri. Daga yau kafin mu fitar da fam ɗaya, mu fara bincika ko an taɓa ware wa aikin kuɗi, mu rubuta mu tambaya ina suka shiga. Kuma duk ɗan takarar da ya biyo ta nan ya nemi mu tara masa jama'a a zauren nan, a karɓe shi da mutunci, a ba shi shayi, sannan a buɗe masa shafinsa a littafin kafin a ɗauki hoto.

Ni na riga na fara da namu. Bidiyon 2019 yana nan a wayata, na kwafe alkawuran uku a takarda da kwanan wata, ƙanena ya auno faɗin kwarin da igiya ya turo mini hotonsa. Na gaya wa Inna wannan karon ba zan ce mata ta yi kowa ba, zan karanta mata abin da kowannensu ya faɗa da abin da ya aikata, ta zaɓa da kanta. Ta ce Allah ya kai mu.

Sakatare yana da takarda a teburin bakin ƙofa. Kafin a tashi cin abinci, kowa ya rubuta sunan mazaɓarsu da aiki ɗaya da aka yi musu alkawari ba a cika ba. Iyayenmu mata, don Allah ku fara, ku kuka fi mu sanin na asibiti da na ruwa.

Na gode da kuka saurare ni. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.