Fritz Pollard da ƙwallon da 'ya'yanmu ke bugawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe shugaba, dattawanmu, iyaye mata, sai ku matasan da ke can baya kuna latsa waya, ku ɗago kai, yau maganar taku ce.

An ba ni 'yan mintoci albarkacin watan Fabrairu, watan tunawa da tarihin baƙar fata a ƙasar nan ta Amurka. Yaranmu da yawa suna buga ƙwallon Amurkawa a makaranta, wannan mai siffar gwanda da ake runguma a zura a guje. Mu iyaye mukan je kallo mu yi ta tafi, ko dokar wasan ba mu sani ba. To ko ba mu san doka ba, ya kamata mu san sunan Fritz Pollard.

A Chicago aka haife shi a 1894. Aikinsa a fili shi ne a damƙa masa ƙwallo ya ratsa ƙattin da ke neman kayar da shi, alhali shi ba wani ƙato ba ne. A Jami'ar Brown ya yi suna: shi ne baƙar fata na farko da ya buga Rose Bowl, babban wasan jami'o'i, a farkon 1916, kuma a kakar shekarar ne Brown ta doke Yale da Harvard. Daga nan ya zo nan jiharmu ta Ohio, ya shiga ƙungiyar Akron Pros. A 1920, shekarar da aka kafa gasar ƙwararru da yau ake kira NFL, su suka ɗauki kambu, kuma baƙaƙe biyu kacal aka fara da su, shi da Bobby Marshall. Shekara na zagayowa ya zama ɗaya daga cikin masu horar da Akron, baƙi na farko da ya riƙe wannan muƙami.

Amma ku ji yadda ake yi wa gwanin nan. A shagon sigarin mai ƙungiyar yake sa kayan wasa, sannan a kai shi fili dab da farawa. 'Yan kallo na zagi, abokan karawa kuma in sun kayar da shi sai su rufta masa da niyyar ji masa ciwo. Shi ya sa ya koyi dabara: da ya faɗi sai ya mirgina rigingine ya ɗaga takalmansa masu ƙusoshi sama. Mai so ya faɗo.

Daga 1934 har 1946 babu baƙi ko ɗaya a NFL. Ba a rubuta dokar ko'ina ba, masu ƙungiyoyi ne kawai suka daina ɗauka. Nan ne mutumin ya fi burge ni, domin bai tsaya a bakin ƙofa yana roƙo ba. Tun 1928 ya haɗa ƙungiyar baƙaƙe zalla, Chicago Black Hawks, daga baya ya horar da ƙungiyar Brown Bombers a unguwar Harlem ta New York, suna karawa da ƙungiyoyin Turawa don kowa ya gani da idonsa. Ya buɗe jarida a New York, ya yi kasuwanci iri-iri. Ɗansa ma ya ciyo lambar tagulla a tseren tsallake shinge a Olamfik na Berlin a 1936.

Ya rasu a 1986. Sai a 1989 NFL ta sake samun baƙin babban mai horarwa, Art Shell, kuma sai a 2005 aka shigar da sunan Pollard zauren gwarzayen wasan da ke garin Canton a nan Ohio, bayan ba ya duniya.

Canton ɗin nan tafiyar kamar awa biyu ce daga Columbus. Shawarata, ranka ya daɗe, ƙungiya ta ɗauki hayar bas a hutun bazara mu kai yaran nan su gani. Wanda ke so ya ba sakatare sunansa bayan an ci abinci. Na gode, wassalamu alaikum.