Rufe Littafin, Faɗa Mini Abin da Ka Karanta

(Laccar da wani tsohon malamin makaranta ya yi wa iyaye da ɗaliban ƙaramar sakandare (JHS) a unguwar Aboabo, Kumasi, ƙasar Ghana. An rubuto ta daga faifan da aka naɗa.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayena mata da ke can baya, murya tana isowa? To madalla. Yara, ku matso gaba, maganar taku ce.

An ce in yi magana a kan yadda yaro zai karanta littafin darasi, irin na kimiyya da na zamantakewa, ya tashi da wani abu a kansa. Abu huɗu na zo da su.

Na farko, kada ka faɗa wa shafi daga layin farko. Tsaya ka dube shi tukuna: kanun magana, hoto, taswira, kalmomin da aka yi wa rubutu mai kauri, da tambayoyin ƙarshen babi. Minti biyu ya isa. Sannan ka mai da kanun ya zama tambaya. In an rubuta "Madatsar ruwa ta Akosombo", kai ka ce, me ya sa aka gina ta? Wa ya ci riba, wa ya yi asara? Hajiya, in kika aiki yaro kasuwar Kejetia ba ki gaya masa abin da zai sayo ba, ai wuni zai yi yana zagaye, ya dawo miki da ƙura a ƙafa. Haka mai karatu babu tambaya yake. Tun 1946 wani malami a Amurka, Francis Robinson, ya tsara wannan hanya, har yau ana koyar da ita.

Na biyu, kuma wallahi in wannan kaɗai kuka tafi da shi gida, na gode wa Allah. Ka karanta sakin layi ɗaya, ɗaya tak, sai ka rufe littafin. Rufe shi! Ka ɗora hannu a kai, ka faɗi abin da ka karanta da bakinka, da Hausar da kake yi wa ƙaninka.

Bari mu yi a gani. Kai mai farar riga, karɓi littafin nan. Karanta mana nan. Yawwa, sannu. Kun ji Turanci tas, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. To rufe. Me aka ce?

(Shiru, sannan dariya.)

Kada ku yi masa dariya, duk wanda na ba a cikinku haka zai yi, kuma ba laifinsa ba ne. Ido ya bi layi, baki ya yi sauti, amma hankali yana ƙofar gida. Ɗana, buɗe, sake karantawa, yanzu kuma ka san zan tambaye ka. Rufe. Yawwa! Kun ji? Ya ce an tare kogin Volta, an gama aikin a 1965 zamanin Nkrumah, don a samu lantarki, musamman saboda masana'antar narka alminiyom da ke Tema. Saura me? Ya manta mutanen. To ga amfanin abin nan. Yanzu ya san daidai inda ramin yake, ba sai ya sake bin shafin gaba ɗaya ba. Ya koma layi biyun nan kawai: ruwa ya tashi, an kwashe mutane wajen 80,000 daga garuruwansu.

Kuma in kauce kaɗan, cikin garuruwan da ruwan ya ci har da tsohon garin Kete-Karachi, inda babban malamin nan Alhaji Umaru ya zauna ya karantar har ya rasu a 1934. Dattawa suna gyaɗa kai, sun san shi. Yara, kun ga shafin da kuke ɗauka labarin wasu ne, ashe da namu a ciki. Duk lokacin da ka ɗaura sabon abu a jikin wanda ka riga ka sani, ya zauna ke nan.

Mu koma. Me ya sa nake nacewa a rufe littafi? Saboda maimaita karatu yana ruɗin mutum. Ka bi shafi sau huɗu, kalmomin sun zama 'yan gida, sai zuciya ta ce maka ai ka iya. Ranar BECE, jarrabawar gama JHS, babu littafi a gabanka, sai ka nemi abin ka rasa. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka gwada wannan da ɗaliban jami'a. Wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu kuwa suka karanta, aka karɓe takardar, aka ce su rubuto abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda kuwa, waɗanda suka wahalar da kansu wajen tunowa suka wuce su. Ku riƙe wannan: wahalar tunowar ita ce karatun. In ka rufe littafi ka ji kanka ya yi nauyi, kada ka ce ba ka da ƙwaƙwalwa, aikin ne ya kama.

Mu kuwa 'yan Zango mun fi kowa sanin wannan. A makarantar allo, yaushe malam yake yarda ka wanke? Sai ka juya allon ka kawo hadda da ka. Sannan ga tilawa, ana komawa baya kullum don kada na jiya ya gudu. Abin da ya rage shi ne wannan: Alƙur'ani lafazinsa ake kiyayewa, harafi da harafi, ba a taɓawa. Littafin kimiyya kuwa ma'ana ake nema. In ka haddace shi kamar aku, mai tambaya ya ɗan juya tambayar, shi ke nan an bar ka a tsaye. Rufe littafi irin na allo, faɗa da kalmominka. Rufe, faɗa, buɗe, duba.

Na uku... a'a, na riga na taɓa na ukun, zancen ɗaura sabo a kan tsoho. To na gaba, alƙalami. Littafin gwamnati ne, ba a rubutu a ciki, na sani. Ka naɗe takarda gida biyu, tambaya a hagu, amsa a dama. Gobe ka rufe dama ka amsa. Kalmar da ba ka sani ba, ka gama jimlar tukuna kafin ka ɗauko ƙamus, sau da yawa maƙwabtanta za su gaya maka ita. Jadawali da taswira kuma kada a tsallake su, ana tambaya daga cikinsu. Ana nuna mini agogo. Akwai tambaya?

(Wani dattijo ya ce: Malam, jarrabawar nan da Turanci ake yin ta. In yaro ya saba mai da komai Hausa, ba za mu kashe masa Turancin ba?)

Baba, Allah ya ƙara girma, tambayar nan tana da nauyi, kuma tsoron da kake ji gaskiya ne. Yaronmu a Kumasi yana Hausa a gida, Twi a titi, Larabci a makaranta, Turanci a aji. In muka tsaya a Hausar kaɗai, mun cuce shi, don takardar WAEC ba ta jin Hausa. Amma ga dalilina. Yaro yana iya maimaita jimlar Turanci bai fahimce ta ba, kun gani da idonku ɗazu. Ba ya iya mai da ita Hausa sai ya fahimta. Hausar ita ce mai kama shi. Saboda haka zagaye biyu ne. Na farko da baki, da Hausa, a gabanka, ko da kai ba ka yi boko ba. In ya ce an tare ruwa, ka ce don me? In ya ce an kwashe mutane, ka ce zuwa ina? Ka tsare shi har sai maganar ta shiga kunnenka. Na biyu, ya ɗauki biro, littafi a rufe, ya rubuta layi uku da Turancinsa, ko da karyayye ne. Sannan ya buɗe ya gwada da na littafin, ya gyara rubutun kalmomi, musamman kalmomin fannin da dole a rubuta su yadda suke. Takardar nan ya kai wa malaminsa da safe. Malamai, in sun kawo, don Allah ku karɓa ku duba, layi uku ne kawai.

Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu. Bismillah.