Ajuji, Barau, Shekarau: Sunayen Mazan da Aka Daina Ji

Assalamu alaikum, masu kallo. Yaushe rabon da ku je gidan suna ku ji ana kiran jariri Ajuji, ko Barau, ko Talle? Yanzu sai Affan da Ayman da Amir. Sunaye ne masu kyau, babu musu. Amma waɗancan na kakanni, kowanne yana ɗauke da labarin ranar da mai shi ya zo duniya.

A al'adar Bahaushe yaro yakan tashi da suna biyu. Akwai sunan yanka, wanda liman yake raɗawa ranar bakwai. Akwai kuma wanda tsofaffin gida suke laƙaba masa, sau da yawa ma shi ne yake binsa har tsufa.

Mu fara da waɗanda suka fi taɓa mini zuciya, wato sunayen 'yan wabi. Mai wabi ita ce matar da take haihuwa 'ya'yan suna mutuwa tun suna ƙanana. Ta binne ɗaya, ta binne biyu, ta binne uku. To idan ta sake haihuwa, sai tsofaffi su ɗauki jaririn su ajiye shi a kan juji na ɗan lokaci, kamar ba a damu da shi ba, sannan a ɗauko shi. Daga nan Ajuji ya samo asali. Haka Ayashe da Ajefas: a yashe shi, a jefar da shi. Wanda bai sani ba zai ɗauka ƙiyayya ce. Ina! Tsananin so ne da fargaba, uwa tana ɓoye ƙaunarta don kada a ɗauke mata wannan ma. Shi kuwa Barau daga "bari" ya fito, fata ne cewa wannan a bar mana shi. Bawa ma yana cikin jerin nan, kuma kun san sunan ya hau gadon sarauta a Gobir, inda aka yi Bawa Jangwarzo a zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

Talle maraya ne, wanda ya rasa mahaifi ko mahaifiya tun yana jinjiri, dangi suka tallafe shi.

Sai Shekarau. Yaron da cikinsa ya wuce wata tara har mutanen gida suka ce ya shekara a ciki, shi ake kira haka. Kowa ya san Malam Ibrahim Shekarau, gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011, amma mutum nawa ne suka taɓa tsayawa a kan ma'anar kalmar?

Wasu kuma matsayin yaro a ɗakinsu ko yanayin haihuwarsa suke faɗa. Tanko namiji ne da ya biyo bayan 'yan'uwa mata. Gambo shi ne mabiyin tagwaye. Cindo an haife shi da yatsu shida. Anaruwa kuwa ba ya buƙatar fassara, ana tsuga ruwan sama ya faɗo.

A nan sai a lura, ba duka ne Hausa ba. Dikko da Sambo da Yero daga Fulatanci muka aro su, ɗan fari da na biyu da na uku. Zama tare ya sa suka zama namu, har Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau mulki a 1906, da shi duniya ta san shi.

Akwai kuma waɗanda alkunya ta haifar. Mace ba ta faɗin sunan surukinta ko na ɗanta na fari, don haka kowane sunan yanka aka nema masa abokin tafiya. Umaru ya zama Sanda, Haruna ya zama Ginsau, Yusufu ya zama Maitama, kamar marigayi Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule. Musa kuwa ake ce masa Kallamu, daga Kalimullahi, Annabin da Allah ya yi magana da shi.