Jawabin Maraba Daga Manoman Gbagyi na Ƙauyukan Kwali Zuwa ga Babban Baƙonsu, Ƙarshen Watan Mayu 2020

Mai girma babban baƙonmu, masu martaba iyayen ƙasa, hakimai da dagatai, limamai da fastoci, iyayenmu mata da matasa, muna yi muku sallama, barkanku da zuwa.

Ranka ya daɗe, a madadin manoman ƙauyukanmu, kwamitin tarba yana yi maka barka da sauka, sannu da hanya. Girmanka da aikinka sanannu ne, ba sai mun tsaya lissafi ba. Ya ishe mu shaida cewa a wannan lokaci da kowa ke gudun taro saboda cutar korona, kai ka bar ofis, ka sauka daga kwalta, ka biyo hanyar da ruwan farko ya riga ya fara zaizayewa domin ka gan mu da idonka. A gafarce mu da ka same mu a warwatse, kowa da takunkumi a fuska. Da a wata shekara ce, da ganguna da rawar mata za su tare ka tun daga bakin rafi.

Za mu fara da abin da ya hana mu barci, domin kada lokaci ya ƙure ba mu faɗe shi ba. Yallaɓai, irin shuka muke roƙo. Damina ta sauka, ƙasa ta jiƙa, amma a gidaje da yawa irin da aka ajiye ya riga ya shiga tukunya.

Mu Gbagyi ne, waɗanda 'yan'uwanmu Hausawa ke kira Gwari, kuma tare da Gade da Gwandara da Bassa da Koro da Ganagana muke zaune a wannan ƙasa tun kafin a yi mafarkin Abuja. A 1976 ne gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar da ta mayar da ƙasar kakanninmu Babban Birnin Tarayya, a watan Disamban 1991 kuma gwamnati ta taso daga Legas ta tare. Ba mu ɗaga wa kowa sanda ba. Gonakin 'yan'uwanmu na Garki da Wuse da Maitama sun zama tituna da gidajen manya, mu da muka rage a gefe muka ci gaba da noma doya da dawa da masara da riɗi muna ciyar da birnin. Har yau ba mu da gwamna, ba mu da majalisar jiha, kuma manomi a nan ba ya kwana da tabbacin cewa gonar da ya gada za ta kai ga ɗansa. Duk da haka, duk ɗan Nijeriya da ya juya takardar naira 20 zai ga uwarmu Ladi Kwali tana gina tukunya, matar da yumɓun wannan gari ya kai ta Ingila da Amurka, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1977. Muna alfahari da ita, sai dai jikokin maƙwabtanta ne yau suke kwana da yunwa.

Ga yadda abin ya same mu. A daren 30 ga Maris dokar kulle ta fara aiki a Abuja da Legas saboda cutar korona, aka ƙara wa'adinta, ba a sassauta ba sai 4 ga Mayu, kuma har yanzu an hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Ba mu ja da hikimar hukuma ba, domin rai ya fi komai. Amma wanda ke karɓar albashi yana iya rufe ƙofa ya jira ƙarshen wata, mu kuwa albashinmu yana bakin titin Lokoja da kasuwannin Kwali da Gwagwalada. Iyayenmu mata, waɗanda kowa ya san su da ɗaukar kaya a kafaɗa, su ne ke fitar da doya da itace da gawayi da asuba, su dawo da gishiri da manja da kuɗin magani. Da motoci suka ɗauke, mai saye ya ɓace. 'Yan sa'o'in da aka ware wa kasuwar abinci ba su amfani mutumin da ke tafiyar rabin yini kafin ya ga kwalta ba, wanda kuma ya yi ƙarfin halin fita ya tarar da shinge bayan shinge. Sauran doyar bara ta tsiro a rumbu, ta yamushe, muka sayar da ita a wulaƙance, alhali mudun gari da na shinkafa suna ta hawa.

Sai kuma baki suka ƙaru a gida. 'Ya'yanmu masu leburanci a wuraren gini da masu acaɓa a cikin birni sun dawo hannu rabbana, makarantu a rufe, yara suna gida tun safe har dare. Kiristocinmu sun yi Ista a cikin kulle, Musulminmu sun ɗauki azumi ranar 24 ga Afrilu a cikin kulle, kuma dama wannan ne tsakanin da rumbu ke yin ƙasa ko a shekarar lafiya. Wasu cikin wannan kwamiti sun ga wata gwauruwa da ta koma gonarta da fartanya, tana tone kunyoyin da ta binne irin doya da hannunta, tana fitar da shi guntu-guntu domin ta dafa wa jikokinta. Ta san abin da take yi, ta san girbinta na kaka take ci tun bai zo ba. Wasu kuma sun sauko da damin masarar da ake ratayewa a saman murhu domin hayaƙi ya kare shi daga ƙwari, suka kai shi turmi. A al'adarmu ba a taɓa wannan dami, ko da baƙo ya kwana da yunwa.

Ba za mu yi butulci ba. A nan Kwali aka ƙaddamar da rabon naira 20,000 ga masu ƙaramin ƙarfi a farkon Afrilu, daga baya kayan abinci ma sun iso, kuma waɗanda suka samu suna godiya. Sai dai kuɗin na waɗanda sunansu ke cikin rajista ne, kayan kuma sun fi tsayawa inda mota ke iya zuwa. Ƙauyukan da ke bayan rafi labari kawai suka ji. Ko wanda ya samu, ƙunshin shinkafa na 'yan kwanaki ne, da ruwan ciki kuwa ake jan na rijiya.

Saboda haka muke sake durƙusawa a kan maganar iri. Lokacin doya ya kusa kuɓuce mana, amma masara da dawa da shinkafa suna da sauran dama idan iri ya iso cikin watan Yuni, wake da riɗi kuma suna iya jira zuwa Yuli da Agusta. Abin ba nesa yake ba, domin hedikwatar hukumar kula da irin shuka ta ƙasa tana nan Sheda, a cikin ƙaramar hukumarmu, kuma mun tabbata kalma ɗaya daga bakinka za ta buɗe ƙofofin da mu ba mu isa mu ƙwanƙwasa ba. Idan bashi ne ma mun yarda, a ba mu mudu mu mayar da biyu da kaka. Muna roƙon a haɗa da taki, a kuma damƙa rabon a hannun dagatai da shugabannin mata, a yi shi a fili a gaban kowa, a fara da ƙauyukan da suka fi nisa.

Akwai sauran buƙatu: takardar shaida da za ta bar manomi ya wuce shinge da kayansa, gyaran kwalbatocin da ke yanke mu da gari duk damina, da rijiyoyin burtsatse, tunda an ce mu riƙa wanke hannu alhali daga rafi muke sha. Waɗannan za su iya jiran wata ziyarar. Ruwan sama ne ba zai jira mu ba, ranka ya daɗe.

Iyayenmu mata sun gina maka tukunya irin ta Kwali, ga ta nan za a miƙa maka. A cikinta mun sa takardar sunayen gidajen da ba su da abin shukawa, ƙauye bayan ƙauye, kowanne da sa hannun dagacinsa. Muna roƙon ka buɗe ta tun kafin ka kai gida.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai lafiya.

Kwamitin Tarbar Baƙi, a madadin manoman ƙauyukan Kwali.